Lambar Baban Yara a Fuskar Rediyo

Shafi na 17

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", na gan ku. Wata har cewa ta yi wai ina ja musu rai. Baiwar Allah, ni da ban san inda na ajiye nawa ran ba, na wa zan ja? Ga shi nan, ku karanta.

Ranar da na gama saita rediyon gida ban ji komai ba. Wallahi ko ɗigon murna.

Haka nake tun tsakiyar damina, tun da ruwa ya ci motar Baban Yara a kan gada, shi da ƙaninsa Auta suna ciki. Aka tsamo Auta aka binne. Shi kuwa ba gawa, ba labari. In tashi, in shirya yara, in je makaranta in koyar, in dawo. Kamar an yi wa duk jikina allurar kashe zafi.

Rediyon nasa ne, irin na masu lasisi da suke hira da junansu ta iska. Ni ma shi ya matsa min na yi jarrabawar, ina gunaguni ina komai, har na samu tawa lambar. Ƙungiyarsu tana da rifita a kan tsauni, na'urar da take karɓar muryarka ta watsa wa kowa. Ruwan da ya ci gadar ya kayar da tsohuwar, suka kafa sabuwa da sabon saiti. Irin ta zamani ce. Duk wanda ya danna maɓallin magana, lambarsa za ta fito a fuskar rediyon kowa, ko da bai ce uffan ba.

To ita wannan lambar ce ta hana mu sakat. Wani likita ɗan ƙungiyar ya kira ni ya ce yana ganin lambar mijina tana fitowa bayan la'asar. Ba magana. Ta fito, ta ɓace.

Na je wajen Dogo mai gyara, amininsa tun suna yara, wanda yake kiransa Injiniya, na ce ya zuba min saitin Baban Yara a rediyon gida in gani da idona. Ya ce, "Malama, kwamfutata ta mutu, an wanke ta tas. Ba ni da fayil ɗin Injiniya ko ɗaya. Ki bar maganar nan, na'ura ce take shirme."

Shi ya sa na zauna na yi da kaina, likitan yana karanto min ta waya ina bugawa.

Mitar karɓa daban, mitar aikawa daban, na juya su baibai ban san sau nawa ba. Ga wata aba wai lambar launi, wadda ba ta da launin komai. Ga layi na ɗaya da na biyu. Ga lambar zauren hira. Ka kuskure ɗaya, rifita ta yi kamar ba ta san da zamanka ba. Daga ƙarshe na saka tawa lambar a matsayin ta rediyon, na saka lambarsa a cikin sunaye, na rubuta Baban Yara a gefe, na jona kebul na tura.

Akwai wani zaure da suke kira aku. Ka yi magana, ya maimaita maka, ka san muryarka tana isa. Na danna na ce, "Gwaji."

Rediyon ya ce, "Gwaji."

Muryar wata mata ce da ban sani ba, kamar tana magana daga cikin duro.

Inna, surukata, tana zaune a kan darduma a bakin ƙofa. Ta ce, "Wace ce wannan?"

"Ni ce, Inna."

"Ke da ke kuke hira? Abin har ya kai haka?"

"Gwaji ne. Ya yi."

"To ƙara masa murya. Kin san kunnena."

Na murɗa har ƙarshe, na mayar da shi zauren ƙungiya. Yara suna gidan ƙanwata. Muka zauna mu biyu, ita tana jan carbi, ni ina kallon ɗan allon. Wasu mutum biyu suka yi hirar eriya suka gama. Wani ya nemi wani bai samu ba. Shiru.

Sai fitilar rediyon ta koma kore.

BABAN YARA.

Ya fito, ya ɓace.

Inna ba ta iya karatun boko ba, fuskata ta karanta. Ta miƙe ba tare da ta dafa bango ba, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Shi ne?"

"Lambarsa ce."

"To kira shi mana! Me kike jira?"

Na ɗauki abin maganar. Na faɗi lambar kirana kamar yadda ya koya min, na faɗi tasa. Na ce, "Ni ce. Idan kana ji, ka amsa."

Shiru.

Inna ta fizge abin daga hannuna ta kai baki.

Na ce, "Sai kin danna nan, Inna. Ki riƙe, kar ki saki sai kin gama."

Ta danna da yatsu biyu.

"Babba! Babba, ni ce. In ba ka iya magana, ka yi tari kawai. Zan gane."

Ta saki. Fitilar ta yi kore, sunan ya dawo. Aka yi gyaran murya.

"To... salamu alaikum. Ni ake kira?"

Muryar tsoho ce. Tsoho tukuf, wanda haƙoransa suka yi ƙaranci.

Na karɓi abin maganar.

"Wa alaikumus salam. Baba, wa ke magana?"

"Ni ne, 'yar nan. Tsohon direban jirgin ƙasa. Sabon shiga ne ni, bayan ritaya na yi jarrabawar, zaman banza ya ishe ni. Na yi laifi ne?"

"Kai ne kake dannawa kullum bayan la'asar?"

"Ni ne. Ina gwadawa ne in ji ko tana amsawa. Da ta yi ƙit sai in saki. Kunyar magana nake ji, kar in kwafsa a yi min dariya. An hana ne?"

"Baba, lambar da take fita daga rediyonka ba taka ba ce."

"Subhanallahi! Ta wa ce?"

"Wa ya saita maka?"

"Wannan dogon yaron na layin masu gyara. Ni me na sani? Na miƙa masa, ya jona a kwamfuta, ya miƙo min."

Na ce masa na gode. Yana ta ba da haƙuri, bai ma san na mene ne ba.

Inna ta koma kan dardumarta a hankali.

"Ba muryarsa ba ce," ta ce.

"Ba ita ba ce."

"Amma lambarsa ce."

"Tasa ce."

"To ni ina nan. Kar ki kashe min."

Na yafa mayafi na fita.

Shagon Dogo yana nan yadda kuka san shi. Warin dalma, fanka mai kuka, gawarwakin rediyo jere a kan kanta cikinsu a buɗe. Nasa rediyon yana kan shiryayye, kullum a kunne. Na same shi a tsaye da ƙarfen liƙi a hannu, hayaƙi yana tashi, ba abin da yake liƙawa.

"Malama. Ke ce da yamman nan? Ya Inna?"

"Ai ka ji ta."

Ya kalli rediyon, ya kalli ƙasa.

"Na ji."

"To ina sauraronka."

Ya ajiye ƙarfen. Ya goge hannu a wando, hannun da ba abin da ya taɓa.

"Tsautsayi ne, Malama. Wallahi tsautsayi ne. Rediyon tsohon iri ɗaya ne da na hannun Injiniya. Ranar mutane sun yi min yawa. Maimakon in zauna in buga masa komai daga farko, sai na ɗauki fayil ɗin Injiniya na zuba masa. Duk masu gyara haka muke yi. Abu ɗaya ne kawai, sai ka cire lambar mai fayil ka saka ta mai rediyo. Shi na manta."

"Ka manta."

"Na manta. Gobe da sassafe zan je har gidansa in gyara. Ki ba Inna haƙuri."

"Wane fayil?"

"Na'am?"

"Wane fayil ka zuba masa?"

"Na Injiniya, na ce."

"A nan na tsaya, Dogo. A daidai nan. Ka ce min an wanke kwamfutarka tas, ba ka da nasa ko ɗaya."

Ya sosa ƙeya.

"Daga baya na samu. A wani tsohon filashi."

"Ɗauko shi in gani."

"Yana gida."

"Mu je gidan."

"Haba Malama."

"To rantse."

Fankar ta yi ta kukanta. Wani ya leƙo da waya a hannu yana tambayar ko ana canza batir, Dogo ya ce masa an tashi. Ya zagayo ya tura ƙofar rabi, ya jawo min kujerar roba.

"Zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba."

"Don Allah ki zauna."

"Na ji mutuwar Auta a tsaye. Faɗi."

Ya koma bayan kanta, kamar kantar za ta kare shi daga wani abu.

"Ba daga filashi ba ne. Daga rediyon na karanto."

"Wane rediyon?"

"Na hannunsa."

"Na hannunsa yana cikin jakarsa. Ni na saka masa da safen da suka tafi."

"Na sani."

"Wa ya tsinto?"

"Ba tsintowa aka yi ba."

"Wa ya kawo maka?"

Ya kau da kai.

"Dogo, wa ya kawo maka?"

"Shi."

Na tsaya ina jira in ji wani abu. Na jira kuka, na jira murna, na jira ƙafafuna su kasa ɗaukata kamar yadda ake faɗa. Ba wanda ya zo. Abin da na lura da shi kawai, maɓallin rigar Dogo na biyu ya fita, an maye shi da wani wanda bai dace ba.

Na ji bakina ya ce, "Ya rame?"

"Ya rame."

"Wace riga ya sa?"

"Malama..."

"Tambayarka na yi."

"Ban santa da shi ba. Wata ce mai ruwan toka, ta yi masa yawa."

"Yaushe ya zo?"

"Bayan an kafa sabuwar rifita. Na zo buɗe shago na same shi a tsugune a bayan wancan injin. Wallahi na ɗauka gamo na yi. Ruwan ya ja shi nesa, masunta suka tsamo shi, ya daɗe a kwance a wajensu bai san inda kansa yake ba. Da ya warware ya ji an binne Auta."

"Sai ya manta hanyar gida."

"Bai manta ba. Ya ce ya zo har bakin layinku. Ya hango Inna a ƙofar gida tana shara, sai ya juya."

"Saboda me?"

Dogo ya shafa fuska da hannu biyu.

"Shi yake tuƙi, Malama. Da suka iso gadar ruwa ya riga ya hau. Motoci sun tsaya. Auta ya ce, Yaya mu jira. Ya ce Auta ya roƙe shi har yana riƙe masa hannu. Shi kuma ya yi dariya ya ce ya san gadar nan tun kafin a haifi Auta. Ya tura motar."

Na ce, "To."

"Ya ce da wane ido zai kalli Inna? Ya ce gara ta ɗauka ruwa ne ya ci mata 'ya'ya biyu, da ta san ɗaya ne ya kashe ɗaya."

"To."

"To kawai za ki ce?"

"Me kake so in ce? In yi guɗa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Rediyon ya mutu da ruwa, shi ya kawo min. Na busar da shi, na canza abin da ya ci. Ya ce in saka masa sabuwar rifita. Ba don ya yi magana ba, ya ce yana so dai ya riƙa jin muryar waɗanda ya sani. Kin san sai an karanto abin da ke cikin rediyo a kwamfuta kafin a ƙara masa wani abu. Haka fayil ɗin ya zauna min. Bayan kwana kaɗan tsohon ya zo."

"Da likita ya ce yana ganin lambar fa?"

"Na ɗauka shi ne yake dannawa. Wallahi na ɗauka kewa ce take sa shi. Shi ya sa na hana ki. Sai ɗazu da na ji muryar tsohon nan na gane ni na yi ɓarnar."

"Ina yake kwana?"

"Bai faɗa min ba. Na bi shi da tambaya, ya ce in na ƙara ba zan sake ganinsa ba."

Na dafa kantar. Ba don zan faɗi ba, kawai hannuwana ne suka rasa wajen zama.

"Ka zo gidanmu, Dogo. Ka zauna a tabarmarmu. Ka ɗaga hannu tare da Inna kuna roƙon Allah ya bayyana shi, a raye ko a mace."

"Ya sa na rantse masa."

"Ni na ce ka rantse ɗazu ka kasa. Ashe tasa ce ta cika maka baki."

"Ki yafe min."

"'Yata ta dawo daga makaranta ta tambaye ni ko ita marainiya ce. Na ce mata ban sani ba. Ni uwarta ban sani ba. Kai ka sani, kana nan kana liƙa waya."

Ya fara kuka. Ƙato da shi, har da majina. Na tsaya ina kallonsa kamar yadda ake kallon ruwa yana zuba a gidan maƙwabta. Jama'a, ban ji tausayinsa ba, kuma ban ji haushinsa ba. Na so in ji ko ɗaya ne, wallahi na so.

Na ce, "Rediyon yana wajensa yanzu?"

"Yana wajensa."

"Yana kunnawa?"

"Ya ce ba ya kashewa."

"Ke nan ya ji ni ɗazu."

"In yana inda rifita take kaiwa, ya ji."

"Har Inna."

"Har Inna."

"Ta ce ya yi tari kawai. Bai yi ba."

Dogo ya ɗauki tsumman goge dalma ya share hanci da shi.

Na gyara mayafina. A raina ina lissafin abin da zan ce wa Inna. Tsoho ne, kuskuren mai gyara ne, a yi haƙuri. Ko kuma ɗanki yana raye, shi ya tura motar. Na auna wannan na auna wancan, duka nauyinsu ɗaya a hannuna.

Na juya zan fita, sai fitilar rediyon shagon ta yi kore.

INJINIYA. Haka Dogo ya rubuta shi a nasa.

Dogo ya ce, "Tsohon ne. Bari in ce masa ya daina dannawa."

Ya miƙa hannu. Amma sunan bai ɓace ba. Tsohon yana dannawa ya saki ne, wannan an riƙe. Ana jin numfashi, da ƙarar manyan motoci can nesa.

Hannun Dogo ya tsaya a iska.

"Maman Yara."

Ko daga cikin duro ne na san muryar nan.

"Maman Yara, ni ne. Na ji ku ɗazu. Na... ina da magana. Idan Inna tana kusa da ke ki rage muryar rediyon, ko ki fita da ita tukuna. Kar ta ji. Don Allah kar ta ji, sai na fara yi miki bayani."

Ya saki.

Ya ɗauka ina gida.

Dogo ya kalle ni, idanunsa jawur.

"Wa ke wajen na gidan?"

"Inna."

"Ita da wa?"

"Ita kaɗai."

"A kunne?"

"Har ƙarshen murya."

"Innalillahi. Karɓi, yi masa magana, ce masa ya yi shiru!"

Ya miƙo min abin maganar. Ban karɓa ba, ban kuma ƙi ba, ina dai kallonsa. Kafin in ɗaga hannu fitilar ta sake yin kore.

Wannan karon ba sunansa ba ne a allon.

MALAMA.

Lambata ce, ta rediyon gida. An danna, an riƙe, ana numfashi sama-sama.

Ni kuwa hannuwana biyu suna kan kantar Dogo.